Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Hayar Bene a Zangon Sinawa na Niyok

Dillalan gidaje na birnin Niyok, a ƙasar Amurka, suna da wata irin talla da suka daɗe suna maimaitawa har masu neman haya suka haddace ta. Ana ba da hayar sashe mai hawa biyu a cikin tsohon bene, irin wanda suke kira dufleks: falo da madafa a ƙasa, ɗakunan kwana a bisa, matakala ta ciki tana haɗa su. An kankare shafen bango don jan bulo na da ya fito fili, an goge katakon daɓe, rufi ya yi nisa da kai, hasken rana yana kwararowa ta manyan tagogi. Daga nan sai a zo kan kalmar da ke ɗaga farashi: gidan yana cikin unguwar Sinawa “mai tarihi”, kusa da gidajen abinci masu araha da kasuwar kifi da jajayen fitilu masu lilo a kan titi. Wanda ya karanta zai ɗauka dillali yabon unguwa yake yi. Alhali kuwa tarihin nan da ake sa wa kuɗi wasu ne suka sha wuyarsa, kuma waɗanda suka gaji sana'o'insu da ɗakunansu ba za su iya biyan hayar wata guda ta wannan sashe ba. Masu iya magana sun riga sun raɗa wa irin wannan ciniki suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ɗauka hayar dala 6,000 ce ta Amurka a wata, wato sama da miliyan 3 na sefa, kuma a kudancin tsibirin Manhatan wannan ba abin mamaki ba ne ga sashe mai hawa biyu. Al'adar masu gidaje a Niyok ita ce sai mai neman haya ya kawo takardun shaida cewa abin da yake samu a shekara ya ninka hayar wata sau 40. Ke nan sai mai samun dala 240,000 a shekara zai ƙwanƙwasa wannan ƙofa. Mai wanke kwanoni a bayan gidan abinci, da matar da ke jinyar tsofaffi gida-gida, da dattijon da ke kasa kayan miya a bakin titi, babu wanda ya ce musu kada su zo. Lissafi ya sallame su tun kafin su buɗe baki.

Abin da ya tara su wuri guda

Kafin a yi maganar haya, ya kamata a tambayi abin da ya tara Sinawa a unguwa ɗaya tun farko, domin amsar ita ce tarihin da dillali yake sayarwa. Sinawa sun fara shiga Amurka da yawa ta gabar yamma, a jihar Kalifoniya, bayan gano zinariya a 1848. Dubbansu ne suka fasa duwatsu suka shimfiɗa ɓangaren yamma na hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa nahiyar, wadda aka gama a 1869. Da aiki ya ƙare sai aka juya musu baya. A 1870 hukumar birnin San Faransisko ta kafa doka cewa duk mai kwana a ɗakin haya dole ya samu sararin iska na kimanin mita kubik 14. An ce don kiwon lafiya aka yi ta, amma a unguwar Sinawa ƴan sanda suka fi aiki da ita, suna kama masu kwana a cunkushe, har gidan kaso ya cika ya batse, fursunonin suka rasa iskar da dokar ta ce a ba kowa. A 1871 gungun mutane suka kashe Sinawa kusan 20 a Los Anjalas. A 1885 aka kashe aƙalla 28 a Rock Springs, garin masu haƙar kwal na jihar Wayomin. Dokar 1875 ta kusan toshe shigowar matansu gaba ɗaya. Ta 1882 kuwa ta hana ƴan ƙwadagon Sin shiga ƙasar, ta kuma hana waɗanda ke ciki zama ƴan ƙasa. Sai a 1943 aka soke ta, aka ba Sinawa izinin shigar mutum 105 kacal a shekara.

Masu gudun wannan wuta ta yamma suna cikin waɗanda suka taru a titunan Mott da Pell da Doyers na Niyok a shekarun 1870 da 1880, a gefen unguwar da ta fi kowace ƙaurin suna da talauci a birnin. Yawancinsu gwauraye ne na dole, tun da doka ta raba su da iyalinsu. Masu wankin kaya da ke warwatse cikin birni suna kwana a bayan shagunansu, ranar Lahadi su zo titin Mott su karɓi wasiƙa, su sayi shinkafa, su ji harshensu a bakin wani.

Mai karatu na Maraɗi ko Damagaram ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin wannan zango ne. Duk wanda ya san Sabo ta Ibadan ko Sabon Zango na Akra ya san yadda baƙo ke sauka wurin mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki, in ajali ya zo ya yi masa sutura. Sinawan Niyok sun kafa kwatankwacin haka: ƙungiyoyin dangi masu suna ɗaya, da ƙungiyoyin ƴan gunduma ɗaya, da babbar ƙungiyar da ta haɗa su, wadda aka kafa a 1883, har yanzu tana titin Mott. Su ke ba da gado ga sabon zuwa, su nema masa aiki, su raba gardama, a zamanin da kuma su aika da ƙasusuwan mamaci gida. Wanda ya san zango ya kuma san cewa darajarsa ba ta cikin tubalin ginin. Tana cikin mutanen da suka san juna.

Bene da abin da ke cikinsa

Gidajen da Sinawa suka shiga ba don su aka gina su ba. Benaye ne na ƙarni na 19, masu hawa biyar ko shida, babu na'urar ɗaukar mutane zuwa sama, an gina su a kan fili mai faɗin mita 7 da rabi da tsawon mita 30. A kowane hawa akan yanka sassa huɗu, kowane sashe ɗakuna uku ƙanana da duka-duka ba su wuce mita 30 na murabba'i ba. Ƴan Ayalan da Jamusawa da Yahudawan gabashin Turai da Italiyawa duk sun ratsa ta cikinsu. A titin Orchard, tafiyar ƴan mintoci daga nan, an mai da irin wannan bene gidan tarihi, masu yawon buɗe ido suna yankar tikiti don su ga yadda iyali mai mutum bakwai ya taɓa zama a ɗakuna uku. Da za su taka kaɗan zuwa yamma, da sun ga iyalan da har yau haka suke zaune.

Unguwar ta cika ne bayan dokar shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe ƙofa ga iyalai daga Hon Kon da Taiwan da lardin Guangdong, daga baya kuma, tun shekarun 1980, ƴan lardin Fujian suka kafa nasu ɓangaren a titin East Broadway. Abin da ya riƙe waɗannan iyalai shi ne ɗinki. A farkon shekarun 1980 akwai masana'antun ɗinkin tufafi kusan 500 a unguwar, a manyan zaurukan tsofaffin benaye. Albashi kaɗan ne, zafi da ƙura kuwa ba a magana, amma mace tana iya tafiya aiki da ƙafa, ta ɗauko yaro daga makaranta, ta sayi cefane a hanya. A watan Yuni na 1982 ma'aikata kusan 20,000, yawancinsu mata, suka fito suka cika dandalin Columbus Park, suka tilasta wa masu masana'antu, waɗanda su ma Sinawa ne, sa hannu a kan yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago. Wannan ma tarihi ne, sai dai ba a taɓa ganin dillali ya sa shi cikin talla ba.

Har yau unguwar wurin aiki ce. Akwai ofisoshin neman aiki da ke tura masu dafa abinci da masu kai faranti zuwa gidajen abincin Sinawa na jihohi masu nisa, akwai motocin safa masu araha da ke kai su, akwai likitoci da lauyoyi da bankuna da ke jin harshen Kanton da na Fuzhou, akwai masu shirya jana'iza a titin Mulberry. Abincin nan mai araha da dillali yake kwaɗaita wa sabon ɗan haya bai faɗo daga sama ba. Yana da araha ne saboda mai dafa shi yana karɓar ɗan albashi, yana kuma iya jure ɗan albashin ne saboda yana kwana kusa, a sashen da doka ta ƙayyade hayarsa ko a gadon da yake rabawa da wani. In aka cire masa wurin kwana, an cire tukunyar daga kan murhu.

Yadda ake haifar dufleks

To daga ina sashe mai hawa biyu ya fito a unguwar da mutane ke rabon gado? Ta hanyoyi uku ne galibi, kuma kowace tana da wanda ta ture.

Ta farko ita ce zaurukan ɗinki. Tun shekarun 1990 aikin ya fara ƙaura zuwa ƙasashe masu arahar ƙwadago, sai harin 11 ga Satumba 2001 ya ƙarasa shi: unguwar tana kusa da inda benayen suka rushe, aka rufe tituna na makonni, manyan motocin kaya suka kasa shiga, masana'antu da yawa suka rufe ba su sake buɗewa ba. Zaurukan masu dogon rufi da manyan tagogi, waɗanda aka yi don mai ɗinki ta ga ramin allura, suka koma ofisoshi da otal-otal da wuraren baje kolin zane da gidajen masu hali.

Ta biyu ita ce sababbin dogayen benaye. A bakin kogi, inda wani babban kantin abinci da talakawan yankin suka dogara da shi ya rufe a 2012, aka gina One Manhattan Square, bene na gilashi mai sassa sama da 800 na sayarwa, aka kammala shi a 2019. Sassan masu ƙaramin ƙarfi da aka yi tare da shi an ware su a wani gini dabam a gefe.

Ta uku ita ce mafi muni, domin a ɓoye take aukuwa, cikin tsohon benen kansa. A Niyok akwai sassan haya kusan miliyan guda da ke ƙarƙashin dokar ƙayyade haya, yawancinsu a gidaje masu sassa shida ko fiye da aka gina kafin 1974. Mai irin wannan gida ba ya ƙara haya sai gwargwadon abin da wani kwamitin birni ya yanke kowace shekara, ba ya kuma ƙin sabunta yarjejeniya haka kawai. Wannan doka ce ta bar tsohuwar da ta shiga sashenta a 1975 tana biyan abin da kuɗin fanshonta zai iya. Amma tun shekarun 1990 aka huda dokar: in ɗan haya ya fita, mai gida yana iya ƙara har kashi 20 cikin 100, ya ɗora kuɗin gyara a kai, in hayar ta haye wani mataki sashen ya fita daga dokar har abada. Ke nan doka da kanta ta sa lada a kan fitar tsohon ɗan haya. Ruwa ba ya tsami banza: daga nan aka ga tayin kuɗi don a tashi, da ƙarar kotu marar tushe, da tukunyar ɗumama gida da ke lalacewa a tsakiyar sanyi, da gyaran da ba ya ƙarewa, ƙura tana cika ɗakin jariri. A 2019 majalisar jihar Niyok ta toshe waɗannan ramuka. Sai aka koma ga wanda ya rage: in mai gida ya haɗe sassa biyu da babu kowa ciki suka zama ɗaya, doka tana ɗaukar abin da ya fito a matsayin sabon sashe, shi kuma ya sa masa hayar da ya ga dama. Hanya mafi sauƙi ta haɗe na sama da na ƙasa ita ce a fasa daɓe a kafa matakala. Sai a ƙarshen 2023 aka rufe wannan ƙofa ita ma, amma sassan da aka riga aka haɗe sun haɗu, ba wanda zai sake raba su.

Saboda haka matakalar nan ta ciki da ake ɗauka hoto, sau da yawa tana tsaye ne a inda madafar wani iyali take a da. Sassa biyu sun zama ɗaya, iyalai biyu sun zama mutum biyu da kare, a birnin da binciken hukuma na 2023 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 kawai na gidajen haya ne babu kowa a ciki, adadin da ba a ga ƙarancinsa ba tun 1968.

Gidaje biyu a titin Bowery

Wanda yake zaton an yi ƙari a wannan magana, ya dubi gidaje biyu maƙwabta a titin Bowery. A hawa na huɗu na gida mai lamba 81, mutane fiye da 30, yawancinsu ƴan ƙwadago da tsofaffi, sun yi shekaru suna zaune a ƴan akurkin katako na kimanin mita 6 na murabba'i, babu rufi a kansu sai na zauren. A watan Maris na 2013 hukuma ta zo ta ce wurin yana da haɗarin gobara, ta fitar da su a rana ɗaya. Haɗarin gaskiya ne, ba wanda ya musa. Amma shekara 143 bayan dokar iska ta San Faransisko, maganin cunkoson Sinawa bai sauya ba: a fitar da wanda ke cunkushe, a bar abin da ya cunkushe shi.

A gida mai lamba 85 kuwa, ƴan haya sun yi shekaru suna shari'a da mai gida a kan ko sassansu suna ƙarƙashin dokar ƙayyade haya. A watan Janairu na 2018, cikin tsananin sanyi, hukuma ta ce matakalar gidan tana iya rushewa, ta fitar da mutane sama da 70, har da tsofaffi da yara, da alkawarin za su koma bayan makonni biyu. Makonni suka zama watanni. Sau biyu wasu daga cikinsu suka yi yajin cin abinci a bakin ofisoshin hukuma, dattawa suna kwana a titi, kafin a mai da su gidajensu a watan Agusta. Sun yi nasara, kuma nasarar ta nuna farashin da talaka ke biya don ya zauna a inda doka ta riga ta ce yana da haƙƙin zama.

Hujjojin masu kare ciniki

Masu kare wannan ciniki ba wawaye ba ne, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa.

Suna cewa unguwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Yahudawa sun tashi, Italiyawa sun tashi, har unguwar Italiyawa da ke maƙwabtaka ta koma ƴan layuka na gidajen abinci, kuma Sinawa ne suka cike gurbinsu. Don me za a ce tarihi ya tsaya a kansu? Wannan gaskiya ce rabi. Waɗancan sun tashi ne da arziƙinsu ya ƙaru, suka sayi gidaje a bayan gari, suka bar ɗakuna masu araha ga baƙon da ke biye. Tsani ya tsaya, masu hawa ne suka sauya. Abin da ke faruwa yanzu cire tsanin ne gaba ɗaya, domin bayan mai dufleks babu wani talakan baƙo, daga kowace ƙasa, da zai sake samun wannan ɗaki.

Suna cewa Sinawa da kansu suka zaɓi Flushing a gundumar Kwins da Sunset Park a Buruklin, inda yawansu ya riga ya zarce na Manhatan. Haka ne, kuma da yawa sun tafi da son ransu. Amma wanda ya iya tafiya ya riga ya tafi. Waɗanda suka rage su ne mafiya rauni: tsofaffin da ba su jin Ingilishi, waɗanda likitansu da wurin ibadarsu da abokan hirarsu na dandali duk suna cikin tafiyar minti goma. Tsohuwa mai shekara 80 in aka kai ta inda ba mai jin maganarta, an ba ta ɗaki an ƙwace mata gari.

Suna cewa tsofaffin benayen suna cin kuɗi: haraji, inshora, rufi mai yoyo, bututu na shekara ɗari, kuma ƙaramin mai gida da ke karɓar tsohuwar haya ba zai iya ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba za a amsa ta da zagi ba. Gidaje da yawa na tsakiyar unguwar mallakar ƙungiyoyin dangi ne da ƙananan masu gida Sinawa, kuma ƙin sayarwar da suka yi yana cikin abin da ya sa unguwar ta kai yau. Sai dai in matsalar kuɗin gyara ce, maganinta rangwamen haraji ne da bashi mai sauƙi, bisa sharaɗin a bar ƴan haya a ɗakunansu. Ba a taɓa jin an gyara rijiya ta hanyar korar masu shan ruwanta ba.

A nan ya kamata a faɗi abin da wasu masu fafutika ba su son ji: wannan rigima ba ta Bature da Basine ba ce kawai. Cikin masu korar akwai Sinawa, cikin masu sayen sassan gilashi akwai attajiran Asiya, cikin masu hayar dufleks akwai jikokin matan da suka yi yajin 1982, waɗanda suka yi karatu suka dawo da albashi mai tsoka. Layin da ya raba mutane a nan na aljihu ne, ko da yake tarihin launin fata ne ya haƙa ramin da talakan ya faɗa.

Gani ga wane

Ƙarshen wannan hanya ba ɓoyayye ba ne, yana birnin Washintan. Unguwar Sinawa ta can ta taɓa ɗaukar Sinawa kusan 3,000. A 1986 aka kafa mata ƙatuwar ƙofa mai ado irin ta Sin, a 1997 aka buɗe babban zauren wasanni a tsakiyarta, haya ta tashi. Zuwa 2015 Sinawan da suka rage ba su wuce kimanin 300 ba, yawancinsu tsofaffi a gidaje biyu masu tallafin gwamnati. Amma ƙa'idar birni ta sa shagunan unguwar su rubuta sunayensu da haruffan Sin, don haka ana ganin bankuna da kantunan kofi na manyan kamfanonin Amurka da rubutun da kusan babu mai karanta shi a cikin masu shiga. An adana haruffa, an sallami masu harshen.

San Faransisko kuma ta nuna cewa ba ƙaddara ba ce. Bayan da aka fitar da tsofaffin ƴan Filifin da Sinawa daga International Hotel da ƙarfin ƴan sanda a daren 4 ga Agusta 1977, duk da dubban mutanen da suka kewaye ginin don kare su, birnin ya ji kunya. A 1981 ya kafa dokar da ta hana mai da ɗakunan zaman talakawa otal na baƙi ba tare da maye gurbinsu ba, a 1986 kuma ya sake tsara unguwar Sinawa, ya rage tsawon ginin da za a iya yi, ya kare gidajen zama daga komawa ofisoshi. Ɗakunan can ƙanana ne, bayan gida da madafa na tarayya, babu mai cewa aljanna ce. Amma unguwar tana manne da cibiyar bankunan birnin, kuma har yau talakawanta suna cikinta.

Niyok ta samu irin wannan dama ta yi watsi da ita. A 2008 hukumar birni ta ƙayyade tsawon gine-gine a layuka 111 na East Village da wani ɓangare na Lower East Side, ta bar unguwar Sinawa da bakin kogi a waje, wato ta tare ruwa a wuri ɗaya ta sake shi a kan maƙwabta. Ƙungiyoyin unguwa sama da 50 suka zauna shekaru suna tsara nasu shiri, suka fitar da shi a 2014; hukumar tsara birni ta ce ya yi faɗi da yawa. Benayen gilashi na bakin kogi a wannan giɓi suka tsiro.

Shi kuma ɗan haya fa?

Saura mutumin da ya ga talla, ya so gidan, yana da kuɗin biya. Zai ce shi bai kori kowa ba, ya tarar da ɗaki babu kowa ne. Ba a ce shi ne babban mai laifi ba. Mai laifi na farko dokar da ta sa lada a kan kora, na biyu wanda ya karɓi ladan. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma akwai askin da ba ya buƙatar jarunta. Duk ɗan haya a Niyok yana da haƙƙin neman tarihin hayar sashensa daga hukumar gidaje ta jiha, kyauta, kuma shi mai zaune a ciki ake ba. Takardar tana nuna abin da aka yi rajista shekara bayan shekara. In ta nuna haya ta yi tsalle daga ɗaruruwa zuwa dubbai ba tare da dalilin doka ba, yana iya kai ƙara, a mai da sashen ƙarƙashin ƙayyadewa, a biya shi rarar da aka karɓa, har ninki uku in an tabbatar da gangan aka yi. Wannan riba ce gare shi, kuma sashe guda ne da ya dawo hannun wanda zai biyo baya. Yana iya shiga ƙungiyar ƴan hayar gidan, ya ba da Ingilishinsa ga maƙwabciyar da aka turo wa takardar kotu ba ta iya karantawa. Yana iya kame bakinsa daga kai ƙarar warin kifi da hayaniyar masu sauke kaya da asuba, tun da kifin da masu kayan sun riga shi zuwa, kuma su ne aka nuna masa a hoto har ya biya.

Dillali kuwa, in dai ya nace sai ya sayar da tarihi, to ya sayar da shi cikakke. Ya rubuta a tallarsa shekarar da aka fasa daɓen, da adadin mutanen da ke kwana sama da ƙasa kafin a fasa, da unguwar da suka koma. Ya ƙara da cewa a hawa na biyar akwai tsohuwar da ta yi shekara 30 a kan keken ɗinki, tana hawa matakalar gidan da ledar cefane tana hutawa a kowane hawa, kuma an riga an yi mata tayin kuɗi sau uku don ta tashi. In bayan karanta wannan har yanzu akwai mai son biyan dala 6,000, aƙalla ya san abin da ya saya.